SUNAN ALƘALI A ƘOFAR MAKARANTA: ABIN DA MUKA MANTA GAME DA MALAM ABUBAKAR GUMI

Jama'a, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sukuni.

Daren Asabar ɗin nan muna zaune a majalisarmu ta Fagge bayan isha'i, sai hira ta gangaro kan canza wa makarantu suna. Wani ya tuno Jami'ar Wudil da ta koma ta Aliko Dangote a 2022. Wani ya kawo Northwest, wadda aka mayar ta Yusuf Maitama Sule a 2017, aka kuma dawo mata da tsohon sunanta a ƙarshen 2024. Wani ya ce ai ga Jami'ar Maiduguri ma, an sanar da sa mata sunan Muhammadu Buhari a 2025. Mai shayinmu har ya tuna mana da 2012, lokacin da aka ce Jami'ar Legas ta koma ta Abiola, ɗalibai suka fito titi, magana ta bi ruwa.

Ana cikin haka sai wani saurayi Basakkwace, yaron shago ne a Kasuwar Sabon Gari, ya ce su kam makarantarsu ta dace da suna. Aka ce wace? Ya ce Sheikh Abubakar Gummi Memorial College, a Sakkwato.

To ka san Fagge. Kafin ya rufe baki majalisa ta rabe biyu. Wannan ya ce Allah Ya jiƙan Malam, shi ya farkar da mutane. Wancan ya ce a'a, shi ya raba kan mutane. Aka shiga Izala da ɗariƙa, aka manta da makaranta gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon ma'aikacin kotu ne, ba ya cika magana ba. Ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya ce: "Ku yaran nan, mene ne aikinsa? Aikin da gwamnati ke biyansa albashi a kai nake nufi."

Shiru. Wani ya ce tafsiri. Wani ya ce shugaban Izala. Wani ma cewa ya yi baban Dakta Ahmad Gumi, kamar haihuwa ita ce aikin. Sai saurayin nan ya ce: "Baba, alƙali ne." Dattijo ya ce: "Allah Ya yi maka albarka. Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa kacokan. Kuma a garin nan naku aka koya masa alƙalancin, a makarantar hukuma."

Wallahi na ji kunya, don ni ma da aka yi tambayar, masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ne suka fara faɗo mini a rai. Shi ya sa na zauna na haɗa wannan. Tun yanzu in faɗa: ban zo rigimar aƙida ba. Wanda ya zo da ita, ga hanya nan. Magana ta a kan alƙali ce, da makarantar da ta yi shi, da abin da ya haɗa labarinsa da unguwannin nan namu biyu.

ƊAN ALƘALIN ƘAUYE

An haifi Abubakar Mahmud a garin Gummi a 1924, lokacin tana Lardin Sakkwato, yau tana Jihar Zamfara. Mahaifinsa Malam Mahmud alƙalin Gummi ne, kuma a gabansa ya fara karatun allo da na littattafai. Daga nan aka sa shi elementare a Dogon Daji, sannan Midil ta Sakkwato, inda ya yi zamani da Shehu Shagari. Daga Midil ya taho Kano, Makarantar Shari'a, wadda mutanen lokacin suka fi sani da Law School, ya gama a 1947.

Ku duba jerin nan da kyau: elementare, Midil, Makarantar Shari'a. Babu ɗaya a ciki da ta kasance makarantar kuɗi. Duk na hukuma ne, da harajin talakawa aka gina su, da shi ake biyan malamai.

Ita wannan Makarantar Shari'a an buɗe ta a 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Kafin ita akwai makarantar alƙalai ta Shahuci, wadda ke yi wa masarautar Kano hidima. Amma ta 1934 ɗin ta lardunan Arewa ce duka. Borno ta turo nata, Sakkwato ta turo, Adamawa, Ilori, Bida, kowace En'e ta turo yaran da take so su zama mata alƙalai. Aka ɗauko malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah, suka zo da tsarin aji da jadawali da jarrabawa. Littattafan kuwa namu ne na Malikiyya da aka sani a zaure, irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. Abin da ya canza shi ne, a da mutum kan gaji alƙalanci ko ya same shi ta hanyar kusanci da fada. Yanzu ga wata hanya ta fito, ta takardar shaida.

A 1947 aka faɗaɗa ta, aka sa mata suna School for Arabic Studies, SAS ɗin nan da muke wucewa ta gabanta a cikin birni ba ma ko waiwaye. Kuma don ku san nauyin wurin: a cikinta aka fara ajin da ya zama Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta yi zaman wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgi, nan ɓangarenmu, kafin ta koma mazauninta, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Wato BUK ɗin da muke taƙama da ita, 'yar SAS ce.

Da Malam ya gama, ya koma Sakkwato ya yi aikin rubutu a kotun alƙali. Bai jima ba ya bari, ya koma koyarwa. A 1949 yana Maru, a makarantar horon malamai, tare da Malam Aminu Kano. A can ne ya yi shahararriyar taƙaddamar nan da limamin gari a kan yin taimama alhali ga ruwa, magana ta kai har gaban manyan Sakkwato. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai fa. Tun daga nan aka san irin mutumin: in ya ga nassi, ba ya duba rawanin wanda ke gabansa. Ko kana ƙaunarsa ko ba ka ƙaunarsa, wannan hali ne da ake nema a wurin alƙali.

Ya dawo Kano ya ƙara karatu a SAS, ya kuma koyar a cikinta. A 1954 gwamnati ta tura shi Sudan, Bakht al-Ruda, tare da wasu abokansa, cikinsu akwai Halliru Binji da Hassan Gwarzo da Shehu Galadanci. Turawa sun fi son Sudan a kan Masar, don suna tsoron kada samarin su kwaso siyasar Alƙahira su dawo da ita. A aikin hajjin 1955 ya haɗu da Sardauna, ya yi masa tafinta, daga nan aminci ya ƙullu. A 1957 aka sa shi jami'in kula da alhazan Najeriya a Jidda.

ME YA HAƊA WANNAN DA FAGGE DA SABON GARI?

A nan ne labarin ya shigo gida.

Fagge tsohon zango ne na fatake, Buzaye da sauran baƙi, a bakin ganuwa. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka ta wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka taho daga Kudu da ƙasashen gaɓar teku. Titi ɗaya ne tsakaninmu, kasuwa ɗaya muke ci. Amma a zamanin Turawa ba gaban mai shari'a ɗaya muke zuwa ba. Mutumin Fagge yana gaban alƙali. Mutumin Sabon Gari yana da kotun gamin gambiza da wakilan ƙabilu ke zama a ciki, ko kuma majistare. A can sama kuma ga kotun Sarki, wadda ke da ikon yanke hukuncin kisa, ga kotunan Turawa da kundinsu na laifuffuka.

To in Bahaushe da Ibo suka yi rigima a kan kuɗin gyaɗa ko hayar rumfa, gaban wa za a je? Wace doka za a bi? Shaidar wa za a karɓa? Wannan ba tambayar littafi ba ce, tambayar kullum ce a bakin kasuwa.

A shekarar da Malam ya gama Makarantar Shari'a, 1947, aka yi wata shari'a da ta girgiza Arewa: Tsoho Gubba da En'en Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa bisa fiƙihun Malikiyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, ta ce a kundin Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Sarakuna da alƙalai suka ce to me ya rage mana? Shekara goma ana ta gyaran doka ana warwarewa, ba a samu matsaya ba.

Ɓangare na biyu na matsalar siyasa ce. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a nan Sabon Gari, su Bello Ijumu da Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da 'yan uwansu. Duk wanda ya tashi a Fagge ya ji labarin yadda aka riƙa jan 'yan NEPU gaban alƙali: an yi taro ba izini, an zagi hakimi, an yi wa Sarki rashin ladabi. Wata uku, wata shida, wani lokaci har da bulala. Dalili kuwa a fili yake. Alƙali ma'aikacin En'e ne. Sarki ke naɗa shi, En'e ke biyansa, kuma En'e ɗin ita ce ƙashin bayan jam'iyya mai mulki. Akwai alƙalai masu tsoron Allah da suka tsaya, amma tsarin kansa ya sa wuyan alƙali a hannun mai ƙara.

Sai kuma Mayun 1953. Bayan rigimar majalisar Legas a kan neman mulkin kai a 1956, tawagar Action Group ƙarƙashin Akintola ta shirya taro a Kano. Ranar 16 ga wata faɗa ya ɓarke a Sabon Gari, ya ɗauki kwana huɗu, mafi yawansa a kan iyakar nan tsakaninmu da su. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Titin da muke tsallakawa yau mu sayo kayan gyaran mota, a wancan makon shingen waya aka ja a kansa.

Don haka da 'yancin kai ya matso, aka kafa hukumar Willink a 1957 don jin koken ƙananan ƙabilu, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka kai gabanta a Arewa shi ne tsoron kotunan alƙalai. Gwamnatin Sardauna ta gane cewa ba za a shiga mulkin kai da wannan ƙulli ba. Ta tura wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da nasu. A 1958 ta kira kwamitin masana shari'a: Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat shi ne shugaba, ga Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, ga Farfesa Anderson daga Landan, ga Shettima Kashim, ga Peter Achimugu, ga Alƙalin Bida Malam Musa.

Abin da ya fito daga nan shi ne sulhun 1960. Laifuffuka duka, na Musulmi da wanda ba Musulmi ba, aka mayar da su ƙarƙashin kundi guda, Penal Code, wanda tsofaffinmu ke kira Final Kod, an tsara shi a kan samfurin na Sudan. Aka riƙa kai alƙalai Kongo a Zariya ana koya musu aiki da shi. Aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara kuwa aka bar su ga shari'ar Musulunci, aka kafa musu babbar kotu tasu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, a Kaduna. Wanda ya fara shugabantarta Shehu Awad ne, mutumin Sudan, wanda ya shugabanci SAS. Mataimakinsa kuwa Abubakar Gumi. A 1962 Shehu Awad ya tafi, Malam ya hau kujerar Alƙalin Alƙalai yana da shekara 38.

Ku lura da wannan: shugaban makaranta ne ya fara hawa kujerar, ɗalibin makarantar ya gaje shi. Halliru Binji ma kotun ya shiga, Hassan Gwarzo kuma daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano. Makaranta ɗaya ta cika benci.

MENE NE AIKIN KUJERAR?

Mutane suna jin "Alƙalin Alƙalai" sai su ɗauka sarauta ce ta rawani. A'a. Aiki ne na takarda da haƙuri. Matar da alƙalin ƙauye ya tilasta wa zama da mijin da ba ya ciyar da ita, marayan da baffansu ya haɗiye gonar ubansu, 'yar da aka hana rabonta na gado don wai mace ba ta gadon ƙasa, uwar da aka ƙwace wa yaro tun bai isa rabuwa da ita ba: waɗannan su ne masu zuwa. Kafin zamanin ɗaukaka ƙara irin wannan, in shari'arka ta ƙare a fadar garinku, to ta ƙare. Yanzu ga wata kotu ta jiha, wadda ba Sarkin garinku ya naɗa ta ba, tana iya kiran fayil, ta duba ko alƙali ya bi nassi, ta rushe hukuncinsa. Duk alƙalin da ke Arewa ya san akwai mai duba aikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai karɓar toshi ya yi tunani sau biyu.

Bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 da kisan Sardauna, gyaran ya ci gaba a hannun soja. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta cire kotuna daga hannun En'e, ta rufe kotunan sarakuna, ta mayar da alƙalai ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri suna nema ke nan.

Yanzu in faɗi ɗaya gefen, don kada a ce na zo wanke mutum. Akwai masu sukar sulhun 1960 tun a lokacin, har yau kuma akwai su. Suna cewa an tsuke shari'a an mayar da ita ta aure da gado kawai, kuma malaman da suka karɓi kujeru a sabon tsarin sun sa hannu a wannan tsukewar. Muhawarar da aka yi a majalisar tsara mulki ta 1978, da abin da ya biyo bayan Zamfara a 1999 da Kano a 2000, duk jikokin wannan maganar ne. Sannan 'yan NEPU suna da nasu ƙorafin: Malam na hannun daman Sardauna ne, kuma a shekarun da yake kan kujera, kafin 1966, ba a daina ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e ba. Gaskiya ne hurumin kotunsa bai kai ga shari'ar siyasa ba, amma wanda ubansa ya sha sarƙa ba lallai wannan bayani ya sanyaya masa rai ba. Ni ban ce kowa ya yarda da Malam ba. Abin da na ce shi ne, in za a yi masa hisabi, a yi shi a kan aikin da ya yi, a san kotun, a san dokar, a san zamanin.

Sauran tarihin kun fi ni saninsa: kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, tafsirin masallacin Sultan Bello, littafinsa na aƙida na 1972 da ya tayar da ƙura, Izala da Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa, lambar Sarki Faisal a 1987. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumbar 1992, aka yi jana'izarsa a Kaduna. Wannan rabin na rayuwarsa ya yi ƙara sosai har ya danne na farko. Mai wa'azi ya rufe alƙali.

MAKARANTAR DA KE ƊAUKE DA SUNAN

Makarantar da saurayin nan ya gama, ta gwamnatin Jihar Sakkwato ce. Kafin a sa mata sunan Malam ana kiranta College of Arts and Arabic Studies. Wato irin SAS ce: Larabci da addini a hannun dama, boko a hannun hagu, don yaro ya fita ya iya shiga jami'a, ya zama malami ko lauya ko alƙali. In ka duba tarihin malamai da alƙalai da yawa na Sakkwato da Kabi da Zamfara, za ka ga sun bi ta cikinta.

Shi ya sa na yarda da yaron da ya ce sun dace da suna. Mutumin ɗan lardin ne. Irin wannan makarantar ce ta yi shi. Ya koyar a irinta. Kuma sai bayan ya rasu aka sa sunan, lokacin da ba shi da kwangilar da zai bayar ko kujerar da zai naɗa wani. Suna da makaranta sun yi kama da juna, kamar riga da mai ita.

Gwada wannan ma'auni a kan sunayen da ake liƙa wa makarantu yanzu. Nawa ne za su tsallake? Sau nawa muka ga an sa sunan mai mulki yana kan mulki, ko na matarsa, ko na ubangidansa na siyasa, in gwamnati ta canza a zo da fenti a goge? Hausawa suka ce suna linzami ne. To linzamin da ake canzawa duk shekara huɗu, ina zai kai doki?

A nan Kano, makarantar da ta fi shahara da sunan alƙali ita ce ta Hassan Ibrahim Gwarzo, ita kuwa ta kuɗi ce. Garin da ya horar da alƙalan Arewa duka, ya kamata a ce yaron makarantar gwamnati yana shiga ta ƙofar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikinsu, ya san an taɓa yin mutumin da aka girmama don ya yi hukunci da gaskiya, ba don ya tara ko ya ci zaɓe ba.

AMMA SUNA BA YA KOYAR DA KOWA

Ga inda nake so mu tsaya. Mun ɓata dare guda muna musu a kan allon ƙofa, babu wanda ya tambayi abin da ke bayan ƙofar.

Watannin baya na raka ɗan ƙanwata wata sakandaren gwamnati a yankin nan namu, ba zan faɗi sunanta ba. Ajin da aka kai shi, yaran da ke zaune a ƙasa sun fi na kan benci yawa. Tagogi babu marufi. Malamin da na samu mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ke ɗaukar darasin da ya kamata mutum uku su raba, in an tashi kuma ya hau babur ɗin haya don ya cika cefane. Na tsaya ina kallon yaran nan, 'ya'yan masu faci da masu dako da 'yan gwanjo, har da 'ya'yan makwabtanmu na Sabon Gari waɗanda iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi. Na ce a raina: a cikin waɗannan akwai wanda zai yi wa jikokina shari'a.

Wannan ba zance ba ne na jin daɗin baki. Alƙalin da zai raba gadon gidanku nan da shekara talatin, yau yana aji biyu a wata makaranta. Majistaren da zai saurari rigimar rumfa tsakanin ɗanka da ɗan Ibo ko Bayarabe a Kasuwar Sabon Gari, yau yana zaune a kan siminti ko a kan benci. In bai iya karanta Larabcin Tuhfa ba, bai iya Turancin kundin doka ba, ya saba tun yana yaro cewa da kuɗi ake cin jarrabawa, to kada mu yi mamakin hukuncin da zai yanke. Malamai kullum suna tuna mana hadisin da ya kasa alƙalai kashi uku, kashi ɗaya ne kawai ya tsira. Ɗaya daga cikin biyun da suka halaka, laifinsa jahilci ne. Jahilcin alƙali kuwa a aji yake farawa.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Madalla. Amma mu da ke unguwa mu ne za mu faɗi ko ta iso ajin ko ta tsaya a takarda. Kuma ba gwamnati kaɗai ba. Fagge ga Kantin Kwari, ga Wapa, ga Singa, kuɗin da ke juyawa a nan a yini guda Allah kaɗai Ya san adadinsa. A ce makarantar da ke bayan shagonka ba ta da benci, wannan abin kunyarmu ne mu duka.

Abin da nake roƙo kaɗan ne.

Na ɗaya, duk makarantar da ke ɗauke da sunan mutum, a rubuta tarihinsa a shafi guda a manna a bakin ofishin shugaba, a karanta wa sababbin ɗalibai a makon farko. Ba ya cin ko sisi.

Na biyu, 'yan majalisarmu na jiha su kawo ƙa'ida: kada a sa wa makarantar gwamnati sunan mai riƙe da mulki ko iyalinsa, kuma in an sa suna kada a canza sai an ji ta bakin tsofaffin ɗalibai da mutanen unguwa. In za a sa sabo, a tuna da alƙalai da malaman aji da ungozomomi.

Na uku, tsofaffin ɗaliban SAS, kuna da yawa, kuna manyan kujeru a kotuna da jami'o'i. Makarantar da ta haifi BUK, ta cika bencin kotun Kaduna, ta cancanci a rubuta tarihinta da Hausa, a kuma san da ita a garin da take.

Na huɗu, kai da ke karanta wannan, ka shiga sakandaren gwamnati mafi kusa da gidanka sau ɗaya a zangon nan. Ka gaisa da shugaba, ka leƙa aji. Abin da ka gani zai gaya maka abin da ya kamata ka yi.

Da za mu watse a daren nan, dattijon ya riƙe hannun saurayin ya ce: "Ɗana, ba sunan ne ya yi makarantarku ba. Wata makaranta ce ta yi mai sunan." Yaron ya ce: "Haka ne, Baba." Ya ɗauki ledar burodinsa ya tsallaka titi, don da sassafe zai buɗe shago.

Wanda ya san wata makarantar gwamnati mai sunan alƙali, a Kano ko Katsina ko Zariya ko Maraɗi, ya faɗa mana ita da tarihin mai sunan, mu ƙaru. Wanda kuma ya yi SAS ko kwalejin Sakkwato, muna son jin yadda kuka same ta da yadda kuka bar ta. Zagi dai ban da shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ba mu alƙalai masu ilimi da tsoronSa. Amin.